Hangen Dala ko Ƙarewar Miya: Karin Maganar da ta Dace da Wasan Ƙarshe na NBA na 2016

Ɗalibin Hausa: Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. Gardama ce ta haɗa ni da abokina a kan zagayen ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, na shekarar 2016, inda Golden State Warriors suka kara da Cleveland Cavaliers. A tsarin gasar, wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ne mai kofi. Warriors sun ci uku, Cavaliers suna da ɗaya, amma sai Cavaliers suka cinye ukun da suka rage, abin da ba a taɓa gani ba a wannan mataki. Ni na ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, shi kuwa ya kafe a kan cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wacce ce ta fi zama daram a wannan wuri?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a zaɓa, a fara sanin inda ake faɗin kowacce. Bafatake yana hango Dutsen Dala tun yana nesa da ganuwar Kano, zuciyarsa ta yi sanyi, alhali ƙafarsa tana da sauran aiki. Saboda haka maganar gargaɗi ce, ana yi wa wanda ya fara murna tun bai isa ba, kuma idan aka faɗe ta bayan mutum ya riga ya faɗi, ta tashi daga gargaɗi ta koma gori. Sannan tana ɗora laifi a kan matafiyin, tamkar ya yi sakaci. Ina shakkar a kira Warriors masu sakaci, domin makonni kaɗan kafin nan su da kansu Oklahoma City Thunder ta yi musu uku da ɗaya, suka farfaɗo suka fitar da ita. Wanda ya yi wa wani haka ya fi kowa sanin cewa uku ba huɗu ba ce.

Mai Kallon Dare: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, wannan shi ne abin da na daɗe ina faɗa. Warriors, ƙungiyar da ta ci wasa 73 ta sha kashi 9 kacal a kakar, ta goge tarihin 72 da Chicago Bulls ta kafa a 1996, ba girman kai ne ya kayar da ita ba, gininta ne ya zube tubali bayan tubali. An dakatar da Draymond Green daga wasa na biyar, kuma shi ne ginshiƙin tsaronsu. A wasan nan LeBron James da Kyrie Irving na Cavaliers kowanne ya zuba maki 41, sannan Andrew Bogut, dogon da ke tare wa Warriors gindin kwando, ya ji rauni a gwiwa bai sake bugawa ba. Harrison Barnes na Warriors ya jefa ƙwallo 32 a wasanni ukun ƙarshe, 5 kaɗai suka shiga. Shi kuwa kocin Cavaliers, Tyronn Lue, ya sa 'yan wasansa su riƙa janyo Stephen Curry, tauraron Warriors, cikin tsaro suna gajiyar da shi, har a wasa na shida ya cika ƙeta shida, ya yi jifa da robar kare haƙoransa, aka kore shi daga fili. A ganina tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa.

Uwar Gida: Ƙanena, ban yarda da kalmar tsautsayi a kan Green ba. Dakatarwar ta zo ne bayan ya tara laifuffukan muguwar ƙeta tun daga zagayen farko, na ƙarshen shi ne hannun da ya kai wa James a wasa na huɗu, kuma abin da mutum ya tara da hannunsa ba a kiransa tsautsayi. Maganar abokin Ɗalibi ta fi kama hankalina. Duk wadda ta taɓa tuƙa wa yara tuwo ta san yadda ake ciki: muddin miya tana malale a kwano kowa gwani ne, amma da zarar an side ta, sai ka ga hannuwa suna janyewa ɗaya bayan ɗaya, a bar mutum guda yana gutsurar gaya. Miyar Warriors ita ce jifa daga nesa mai maki uku da gudun da ke rikita abokan karawa, kuma ranar da abin ya ƙafe ba su da wani abin haɗiye tuwon.

Mai Kallon Dare: Na karɓi gyara, Yaya, kuma maganarki ta tuna mini daren wasa na bakwai, 19 ga Yuni a Oakland, gidan Warriors. A nan gida cikin azumi ne, an fara wajen ƙarfe ɗaya na dare, ina zaune da kofin kunun da ya huce a hannuna har lokacin sahur ya kawo jiki. Saura minti 4 da daƙiƙa 39 aka yi kunnen doki 89 da 89, kuma daga nan Warriors ba su ƙara ko maki ɗaya ba. Miya ta ƙare wa kowa, domin su ma Cavaliers maki huɗu kawai suka samu. Andre Iguodala na Warriors ya taho zai ajiye ƙwallo a kwando, James ya biyo shi daga baya ya manna ta da allo, sannan saura daƙiƙa 53 Irving ya jefa mai maki uku a kan Curry. Aka tashi 93 da 89, birnin Cleveland ya ga babban kofi karon farko tun 1964.

Tsohon Malami: Hajiya ta kusa, amma akwai wurin da nake so a kula. Karin maganar ba ta ce maci tuwo shi ne mai nasara ba, ta ce a lokacin ake saninsa. Idan haka ne, Green ma ya ci gaya a daren nan, domin ya zuba maki 32 ya kuma tsinto ƙwallo 15 da suka dawo daga kwando, lokacin da Curry, gwarzon kakar da dukan masu zaɓe suka amince da shi, ya tsaya a 17. Abokinka yana da gaskiya idan James yake nufi, wanda ya fi kowa a ɓangarorin biyu maki da miƙa ƙwallo da tarewa a tsawon wasannin bakwai, amma idan yana nufin duk wanda ya rasa kofi ba maci tuwo ba ne, ya ɗora wa maganar kayan da ba nata ba.

Ɗalibin Hausa: Na gode, Baba. Zan janye tawa a kan 'yan wasan, sai dai ina roƙon a bar mini ita a kan magoya baya irina, domin ni tun bayan wasa na huɗu na sayi rigar Curry na shiga unguwa da ita ina karɓar barka.