Live Telecast ya burge ni, masu sharhin Indiya sun kushe shi: me zan faɗa wa mabiyana?

Mai Sharhi: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina cikin damuwa. Shekara biyu ke nan ina sharhin finafinan Kudancin Indiya a Facebook, kullum sai na rufe shago nake zama. Da Kanchana na Raghava Lawrence na fara, sai Aranmanai na Sundar C, saboda mutanenmu suna son fim ɗin fatalwa mai ban dariya. Wayar ma yayana ne ya ba ni, kuɗin data daga cinikin shago nake cira, uwargida har ta fara ƙorafin ba na barci. To, na yi wa mabiyana alkawarin sharhin Live Telecast, mai dogon zango na yaren Tamil da Venkat Prabhu ya ba da umarni, wanda ya fito a manhajar kallon finafinai ta Disney+ Hotstar a Fabrairun 2021. Kajal Aggarwal ce ke jagorantar ma'aikatan wani shirin talabijin, suka shiga gidan da ake cewa akwai fatalwa don su haska ta kai tsaye, sai gidan ya riƙe su. Ni wallahi na ji daɗinsa. Sai na ga masu sharhi da yawa a can sun kushe shi: wai an ja labarin, tsoron bai kama ba, barkwancin ya yi sanyi. In na yaba a ce ban san fim ba, in na kushe na yi ƙarya. Jibi zan saka.

Babban Yaya: Ƙanena, babu abin ruɗewa. Su yarensu ne, kai rubutun ƙasan allo kake bi. Venkat Prabhu da ya yi Mankatha tare da jarumi Ajith a 2011, ya kuma fitar da Maanaadu a 2021, kowa ya san wannan ba iyakar ƙoƙarinsa ba ne. Ka faɗi haka ka wuce.

Maman Yara: Ni dai abin da ke ci mini rai masu tura fim a waya. Sau biyu ina biya a tura mini mai dogon zango, in zo gida in tarar babu kashin ƙarshe. Ka koma su ce haka ya zo musu.

Ɗan Zinder: Malam, kada ka bi masu sharhin Indiyan nan. Tun Chandramukhi na Rajinikanth a 2005 ake cika musu sinima da fatalwa da dariya, sun ƙoshi. Mu ba mu ƙoshi ba. Kanchana 3 ma sun kushe shi a 2019, amma jama'a suka cika sinima.

Babban Yaya: Cika sinima daban, inganci daban. Shekarata ashirin ina kallon Indiya, in fim na tsoro bai hana ka fita fitsari da dare ba, bai yi ba.

Mai Sharhi: Yaya, ai ba don tsoron na so shi ba. Yadda ake nuna masu talabijin suna neman 'yan kallo ko da ran mutane ne, shi ya kama ni. Kuma rubutun ƙasan na bi shi tsaf, wasu wuraren har sau biyu.

Babban Yaya: To ka riga ka yanke, me kake nema a wajenmu?

Maman Yara: Ka faɗi duka biyun mana ɗana, nasu da naka.

Mai Sharhi: Hajiya, na taɓa yin haka, aka ce na tsaya a tsakiya don tsoron zagi, mutum goma sha suka bar shafin. Shi ya sa nake tambaya.

Ɗan Zinder: Kashi nawa ka kalla ma tukuna? Ka kai ƙarshe kuwa?