Fim ɗin IMAX na tafiyar Kogin Nilu a faifan Blu-ray: ya cancanci a saya, kuma da wane saiti za a kalla?

Ɗan_Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata a kan Mystery of the Nile ce, fim ɗin 2005 da aka ɗauka don manyan allunan IMAX. A kwafin da ke yawo a intanet, da zarar kwale-kwalen ya shiga inda ruwa ke tumbatsa tsakanin duwatsu sai hoton ya farfashe ya koma ƙananan murabba'ai. Laifin kwafin ne ko haka fim ɗin yake? In aka sayi faifan Blu-ray, abin zai gyaru a talabijin mai inci 55? Kuma wace na'ura ya kamata a nema? Masana a taimaka, Allah ya saka.

Injiniya_MK:

Wa alaikumus salam. Laifin kwafin ne, kuma lissafi kaɗan zai nuna maka dalili.

Duk bidiyon da ka gani matse shi aka yi. Manhajar da ke matsewar takan adana cikakken hoto ɗaya, sannan a hotunan da ke biye ta rubuta abin da ya canja kawai. In mutum na zaune yana magana, bangon da ke bayansa ba ya motsi, don haka abin rubutawa kaɗan ne. Ruwa mai gudu kuwa babu ɗigon da ke zama inda yake: kumfa, feshi da walƙiyar rana duk suna sauyawa sau 24 a kowane sakan. In bayanan da aka ware wa sakan ɗin ba su isa ba, sai manhajar ta shafe ƙananan siffofi ta bar maka murabba'an da kake gani. Shi ya sa hoton hamada ko na dalar Masar zai fito tas a kwafin, na ruwa kuma ya lalace.

Ɗauki fim na minti 45. In an matse shi ya koma megabayit 700, kusan megabit 2 ke nan a sakan. Blu-ray yana iya kai wa megabit 40 a sakan na hoto kaɗai, kuma ko a 25 aka tsaya, fim mai wannan tsawon zai ci sama da gigabayit 8. Faifai mai shimfiɗa ɗaya na ɗaukar gigabayit 25, mai biyu 50, saboda haka gajeren fim irin wannan ba shi da dalilin ƙuntata.

Batun na'ura, abu biyu ke sa mutane asara. Na farko lambar yanki. An raba Blu-ray gida uku: A na nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B na Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C na sauran, irin su Sin da Rasha da Indiya. Duba bayan kwalin kafin ka biya. In harafin A kaɗai ka gani a ciki, na'urar da aka sayar don kasuwar Turai za ta ƙi shi. In ka ga ABC tare, ko'ina zai yi. PlayStation mai ramin faifai ma yana bin wannan doka a finafinai. Na biyu wuta. Na'urorin da aka ƙera don Amurka da yawa bolt 120 suke sha, tamu kuwa 230 ce. Karanta rubutun da ke jikin na'urar ko cajarta. In ba ka ga 100–240V ba, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba tana ƙonewa a jonawar farko.

Malama_Hausar_Hoto:

Injiniya ya gama da matsewa, amma kada Ɗan_Fagge ya ɗauka abin da aka gani a zauren IMAX ne zai zo masa falo. Ba zai zo duka ba.

Fim ɗin IMAX na asali faɗinsa milimita 70 ne, kuma a kwance yake gudu cikin majigi, kowane hoto yana cin huda 15 daga cikin hudojin da ke gefen fim ɗin. Siffar hoton 1.43 ce bisa 1, wato ya kusa zama murabba'i, saboda allon dogo ne sama da ƙasa. Talabijin ɗinka 1.78 ce bisa 1. Masu shirya faifai suna da zaɓi biyu. Ko su bar hoton yadda yake, faɗinsa ya tsaya a ɗigo kusan 1,544 cikin 1,920, a sami baƙin shafi mai ɗigo 188 a kowane gefe. Ko su cika allon, su yanke kusan kashi 20 cikin 100 na tsayin hoton. Galibin finafinan IMAX na ilimi ta hanya ta biyun ake fitar da su, kuma a ganina ba a yi ɓarna sosai ba, domin masu ɗaukar IMAX sukan ajiye abin da ake so a gani a tsakiya zuwa ƙasa, su bar sama ga sararin samaniya da kan duwatsu. Inda ake jin rashin shi ne cikin kwazazzabon Habasha, inda tsayin bangon dutsen ne ke nuna ƙanƙantar kwale-kwalen.

Wani abin kuma: gwangwanin fim mai ƙafa 1,000 minti uku kacal yake yi a kyamarar IMAX, ga nauyi. Ba yadda za a yi a ɗauki tafiyar wata huɗu da ita kaɗai. Pasquale Scaturro da Gordon Brown, waɗanda suka yi tafiyar, sun riƙe ƙananan kyamarorin bidiyo ma, kuma duk abin da ya fito daga irin waɗannan na wancan zamani zai yi dishi-dishi ko da wane faifai ka kalla. Kada ka zargi talabijin ɗinka a nan.

Ga saiti. Ka kashe abin da ke ƙara santsin motsi: TruMotion ake ce masa a LG, Auto Motion Plus a Samsung, Motionflow a Sony. Aikinsa ƙirƙiro hotunan da babu su ya cusa tsakanin na gaske, kuma ruwa na rikita shi, sai ka ga wani kewaye yana rawa a gefen filafili da kan mutane. A na'urar faifan ka kunna fitar 24p, wato ta riƙa fitar da hoto 24 a sakan kamar yadda aka ɗauki fim ɗin. In ba ka kunna ba, za a mayar da hoto 24 zuwa 60 ta hanyar nuna wani sau uku wani sau biyu, kuma a nan ne ake samun ɗingishi lokacin da kyamara ke shawagi a kan kogi daga sama. Ka zaɓi Filmmaker Mode in akwai, in babu ka ɗauki na silima. Kaifin hoto ka sauke shi zuwa inda fararen layuka za su ɓace daga gefen abubuwa. Mai rage hayaniyar hoto ma ka kashe shi, yana ɗaukar ƙwayar fim, wato ƙananan ɗigo-ɗigon da hoton fim ke da su na asali, a matsayin datti ya goge ta tare da yashin gaɓa.

Sai wurin zama, wanda shi aka fi rainawa. A inci 55, ka zauna tsakanin mita 1.7 da 2.2 daga allon. Daga mita 4, da kyar idonka zai bambance faifan da DVD mai kyau, kuɗin ya tafi a banza.

Abu_Sinnar:

Ni ta wani ɓangaren zan ba da goyon bayan a saya. Tafiyar ta fara ne a ƙarshen Disamba 2003 daga maɓuɓɓugar Gish Abay a tsaunukan Habasha, ta ratsa Tafkin Tana da magangarar Tis Issat, ta bi Shuɗin Nilu zuwa Khartum inda ya haɗu da Farin Nilu, ta ƙare a Bahar Rum ranar 28 ga Afrilu 2004, sama da kilomita 5,000. Kogin da suka bi ba shi ne na yau ba. An kammala madatsar Merowe a arewacin Sudan a 2009, ta nutsar da yankin gangara ta huɗu cikin manyan gangarorin duwatsu na Nilu. Habasha ta fara gina babbar madatsarta kusa da iyakar Sudan a 2011, ta fara tara ruwa a 2020, yanzu wani dogon sashe na ƙasan kwazazzabon ya zama tafki. Ba wanda zai sake bin hanyar nan yadda take a da.

Ga masu sha'awar tarihinmu: a gaɓar wannan Shuɗin Nilun, kusa da Sinnar, garin Maiwurno yake, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa tare da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Ɗan_Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura sauti: sandar lasifikata (soundbar) da wayar haske (optical) aka jona ta da talabijin. Ya isa?

Injiniya_MK:

Zai yi magana, amma ba cikakke ba. Wayar haske Dolby Digital da DTS na yau da kullum take iya ɗauka, ko sauti mai hanya biyu. DTS-HD Master Audio da Dolby TrueHD, wato nau'o'in sautin Blu-ray mafi inganci, sun fi ƙarfinta. In sandar tana da mashigar HDMI, jona na'urar faifan a jikinta kai tsaye, sannan ka fitar daga sandar zuwa talabijin. In babu, nemi ramin HDMI da aka rubuta eARC a talabijin da sandar, wanda ke mayar da sauti daga talabijin zuwa sandar, domin ARC zalla, wato tsohon nau'insa, ba ya wuce da waɗannan sautukan. Wasu talabijin kuma ba sa wuce da DTS ko kaɗan, sai ka ga hoto na tafiya ba sauti. In hakan ta faru, shiga saitin na'urar faifan ka mayar da fitar sauti zuwa PCM, wato sautin da na'urar ta riga ta warware da kanta.