Shawarwarin da na tattaro kan saƙon na'urorin gona da ke ɓacewa a hanya

Jiya bayan la'asar muka zauna da wasu samari masu harkar kwamfuta a Birnin Kebbi, kan ƙananan na'urorin auna danshin ƙasa da muka kafa a fadamar shinkafa wajen Argungu. Kowace tana miƙa saƙo ta rediyo ga ta kusa da ita har ya kai bakin gona, amma da yawa ba sa isowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin da wani ya zana a ƙasa da tsinke: in kowane zango yana zubar da saƙo 1 cikin 10, bayan zango 5 kusan 59 cikin 100 ne za su iso. Saboda haka kada a jira sai ƙarshe a nemi a sake aikowa. Kowace na'ura ta riƙe kwafi har maƙwabciyarta ta tabbatar ta karɓa, kamar masu miƙa bulo hannu da hannu. A sa wa saƙonni lamba a jere. In an ga 14 sai 16, an san 15 ya faɗi, shi kaɗai za a nema.

TCP, wato tsarin da ake amfani da shi a intanet don tabbatar da isar saƙo, bai dace da wannan aiki ba, domin duk saƙon da ya ɓace ɗauka yake cunkoson hanya ne ya jawo.

An ja daga kan batir, tunda rediyo ne ke cinye shi. Ni ina bayan masu cewa labarin danshi zai iya jira, amma gargaɗin hawan ruwa a watan Agusta a yi ta maimaita shi sai ya isa. Eriya kuma a ɗaga ta sama da kan shinkafa, domin jiƙaƙƙen ganye yana shanye sigina.