Iskar ozon da ake gyara ruwan kifin salmon da ita: za ta dace da 'ya'yan tarwada?

Mai ƙyanƙyasar tarwada, Bunkure

Assalamu alaikum. Ina da ɗan wurin ƙyanƙyasar tarwada a bayan gidana, tankunan siminti shida, kuma ruwan da nake amfani da shi wani daga rijiyar burtsatse ne, wani kuwa daga magudanar noman rani da ta taso daga madatsar Tiga. A daminar da ta wuce sau biyu ina asarar 'ya'yan kifi a mako na biyu bayan ƙyanƙyasa, ruwan ya yi kauri ya soma wari, da safe sai in tarar da su kwance a ƙasan tanki. Wani mai sayar da kayan kiwo a birni ya nuna mini wata na'ura da ya ce tana samar da iskar ozon, ya ce da irinta ake kiwon kifin salmon a ƙasar Norwe, kuma abin da zan yi kawai shi ne in zura bakin tiyonta cikin tanki, cuta ta mutu, ruwa ya yi garau. Kafin in ɗaga raguna biyu in kai kasuwa saboda ita, ina neman masu sani su bayyana mini abin da wannan iska take yi wa lafiyar shi salmon ɗin, da kuma ko tarwada za ta ɗauke ta.

Malamin kimiyya mai ritaya, Wudil

Wa alaikumus salam. Malam, mai sayarwar ya faɗa maka rabin gaskiya, ya riƙe rabin da ya fi muhimmanci. Ozon dangin iskar oksijin ce, sai dai ita ƙwayoyi uku ne a haɗe maimakon biyu, kuma ana samar da ita ne ta hanyar ratsa busasshiyar iska da tartsatsin lantarki. Ƙwaya ta ukun ba ta zama lafiya, da ta haɗu da wani abu sai ta rabu ta ƙone shi, shi ya sa ozon take kashe ƙwayoyin cuta, take farfasa dattin da ya narke a ruwa, take kuma haɗa ƙananan ɓurɓushin kashin kifi su dunƙule har matata ta iya kama su. Amma ba ta bambanta ƙwayar cuta da jikin kifi. Jan naman nan mai laushi da ke ƙarƙashin marfin kan kifi, wanda yake numfashi da shi, shi ne farkon abin da take ci. An daɗe da gano cewa a kifin tirawut, wanda ɗan'uwan salmon ne, ragowar ozon da ba ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya ba tana iya kashe rabin kifin cikin kwana huɗu.

Saboda haka masu kiwon salmon ba sa zura ta inda kifi yake. Ana janye ruwan zuwa wani tanki na dabam, a gauraya shi da ozon a can, a ba shi lokaci ta gama aikinta ta rikiɗe ta koma oksijin, wani lokaci a bi da shi ta cikin gawayin tacewa ko hasken nan mai kashe cuta da ake kira UV, sannan ya koma wa kifi. Abin da aka ce ka yi da tiyo, kamar a zuba wa jariri maganin wanke tukunya ne a baki don cikinsa ya yi tsabta.

Ɗalibin ilimin kiwon kifi, Haɗeja

Baba Malam ya gama magana a kan asalin abin, ni dai zan ƙara da dalilin da ya sa su can suke buƙatarta, domin a nan ne bambancinmu da su yake. Salmon kifin ruwan sanyi ne, yana jin daɗi a ma'aunin zafi na Salshiyas kamar digiri 8 zuwa 14, ana ƙyanƙyashe shi a ruwan daɗi, sai ya yi girma a mayar da shi teku. Norwe ce ta fi kowace ƙasa noma shi, Chile na biye da ita. Manyan wuraren rainon ƙananansa a yanzu rufaffun gine-gine ne da ake juya ruwa ɗaya ana sake amfani da shi, abin da ake sabuntawa a rana kaɗan ne ƙwarai. Ruwan da aka daɗe ana juyawa yakan yi launin shayi, ɓurɓushi ya taru, sinadarin naitirait ya hau, shi kuwa naitirait yana hana jinin kifi ɗaukar oksijin. Ozon kaɗan, kamar giram 10 zuwa 25 a kan kowane kilo na abincin da aka zuba, tana wanke launin, tana mayar da naitirait ya zama naitiret wanda ba shi da wannan dafi. Da yake salmon da ido yake farautar abincinsa, an ga yana ƙara ci da girma idan ruwan ya washe. Amfanin ke nan, kuma ta hanyar ruwa ya zo masa, ba don ozon ta taɓa jikinsa ba.

Idan aka wuce ƙa'ida kuwa, alamun a bayyane suke: kifi ya daina cin abinci, ya taru a saman ruwa yana haki, wani ya riƙa zabura ba gaira ba dalili, naman numfashinsa ya kumbura ya yi majina, daidaiton gishirin jininsa ya rikice. A ruwan gishiri abin ya fi muni, domin ozon tana haɗuwa da sinadarin buromaid da ke cikin ruwan teku ta haifar da wasu sinadarai masu dafi da suke daɗewa bayan ita kanta ta ɓace. Don haka akwai na'urar da take auna ƙarfin ozon a ruwa a cikin tanki dare da rana, yawanci ana tsare awonta a wajen milibolt 300, kuma da ya haura ita da kanta take kashe injin. Tambayar da zan so a yi wa mai sayarwar ita ce ko na'urarsa tana zuwa da wannan ma'auni, domin ba tare da shi ba lalube ne a cikin duhu.

Wani abu kuma, ozon ba ta kawar da amoniya, wato dafin da kifi yake fitarwa daga jikinsa cikin ruwa, yadda mutane suke zato. Aikin matatar da ƙananan halittu masu cinye amoniya suke zaune a cikinta ne wannan, kuma ina kyautata zaton amoniya da ruɓaɓɓen abinci ne suka kashe maka kifi a mako na biyu.

Hajiya mai kiwon kifi, Kura

Ƙanena, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na shekara tara ina wannan sana'a, kuma shawarata ita ce ka bar ragunanka su ci dusarsu. Su masu kiwon salmon suna tattalin ruwa ne saboda ɗumama shi ko sanyaya shi kuɗi ne, kuma doka ba ta barinsu su zubar da shi yadda suka ga dama. Mu a nan ruwan da muka zubar daga tanki taki ne, ni kai tsaye nake sakinsa cikin fadamar alayyahu da tumatir. Wanda yake da burtsatse da sola, canjin ruwa ya fi masa sauƙi da arha a kan kowace na'ura. Ka rage abincin da kake zubawa, ka zuƙe dattin ƙasan tanki da tiyo safe da yamma, ka bar ruwa yana shiga yana fita a hankali, ka kuma rage cunkoso. Ita tarwada ma ba ruwanta da ruwa garau, da gashin bakinta take neman abinci, 'ya'yanta kuwa duhu suka fi so, shi ya sa muke rufe tankunansu.

Malamin kimiyya mai ritaya, Wudil

Hajiya ta yi gaskiya, sai dai kada a ɗauka cewa taurin ran tarwada zai kare ta daga ozon. Babbar tarwada tana hawowa sama ta shaƙi iska, amma gaɓar da take yin haka da ita ba ta kammala sai bayan 'yan makonni, saboda haka ɗan kwana goma ya fi kowa rauni. Akwai kuma lafiyar mai aikin. Ƙa'idar wuraren aiki a Amurka ba ta yarda ozon ta wuce kashi 0.1 cikin miliyan a iskar da mutum zai shaƙa na awa takwas ba, ɗakunan ƙyanƙyasarmu kuwa ƙanana ne marasa taga, ga yara suna shiga suna fita. Tana kawo tari da ciwon ƙirji, tana cinye tiyon roba, kuma idan iskar da injin yake ja tana da laima, kamar yadda take a watan Agusta, ruwan asid yakan taru a cikinsa ya lalata shi.

Wuri ɗaya nake ganin za ta iya yi maka amfani, wato ruwan magudanar da ka ambata, wanda yake biyowa ta gonaki da wuraren shayar da dabbobi. Ana iya gyara shi a tankin ajiya tun kafin ya kusanci kifi, a bar shi ya kwana ana busa masa iska.

Mai ƙyanƙyasar tarwada, Bunkure

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira mai sayarwar na tambaye shi batun ma'aunin, ya ce ba a haɗa na'urar da shi, sai dai a yi odarsa dabam, kuma kuɗinsa ya kusa kai na injin. Na yanke shawarar daina zuba ruwan magudana a tankunan ƙyanƙyasa gaba ɗaya, in bar shi ga manyan kifi, in kuma sayi kayan gwajin amoniya kafin zuba ƙwai na gaba. Hajiya, idan babu damuwa, ina so ki faɗa mini yawan 'ya'yan kifin da kike sakawa a tanki mai mita biyu a makon farko, da kuma ranar da kike fara rarrabe manya da ƙanana.