Na fara sayar da ƙanƙara da zoɓo, sanyi ya shigo jari ya narke. In ci gaba ko in haƙura?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ba na barcin kirki. Ni a Mabera, cikin Sakkwato, nike aure. Kafin azumin da ya wuce na kwashi adashe dubu 250, na sayar da tunkiyar da Innata ta ba ni tun ina amarya, na sayi firiza ta hannu. Tunkiyar nan sai da facalata ta yi ta surutu a kanta, wai gara in bar ta ta ƙara haihuwa, alhali ita ko kaza ba ta taɓa kiwo ba, kuma ita ce ta fara aiko yara da kofi a ba su zoɓo kyauta. To, cikin azumi kafin la'asar ƙanƙara ta ƙare, zoɓo da kunun aya ba sa kai isha'i. Har zafin Afrilu da Mayu ina samu. Yanzu hunturu ya shigo, jiya ƙulli huɗu kawai na sayar, sauran ya yi tsami na zubar. Kuɗin sayen suga ma babu. Maigida ya ce in sayar da firizar in huta. Mi za ni yi?

Hajiya mai atamfa: Ƙanwata, amsa min ɗaya. Cikin azumi nawa kike samu a rana, nawa ne uwar kuɗi, nawa ne riba?

Mai tambaya: Wallahi Hajiya ban rubuta ba, amma dai ana samu sosai.

Hajiya mai atamfa: To ga ciwon nan, ba sanyi ba. Shekarata 19 ina saro kaya ina kai wa mata gida-gida, ban taɓa haɗa kuɗin sana'a da na cefane a jaka ɗaya ba. Duk wanda ke Sakkwato ya san daga Disamba zuwa Janairu ba a shan ƙanƙara, kamar yadda ya san Afrilu zafi na wuce digiri 40. Mai wannan sana'a wata huɗu take tarawa ta ci sauran. Ke kuwa kin ci na damina tun da rani. Kayan sallar yara daga ina suka fito? Ankon biki fa?

Maman 'yan biyu: Hajiya a yi mata a hankali. Ni bashi ya kashe min sana'ar sabulu. Dangin miji su ɗauka, in ka tambaya a ce ba ka da kunya. Har yau akwai mai dubu 18 ɗina, muna haɗuwa wurin suna tana sanye da leshi, ta gaishe ni kamar ba komai. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, na bar ta da Allah.

Wata daga Arkilla: Kada ki sayar da firiza, yadda kaya ke tashi ba za ki sake sayen irinta a kuɗin ba. Ki koma kunun gyaɗa da ƙosai da safe har zafi ya dawo. Kuma ki nemi rance ki sa sola, da ita ce ake cin kasuwar ƙanƙara in an ɗauke wuta.

Hajiya mai atamfa: Rance? Wadda ba ta san ribarta ba za a ɗora wa bashi mai ruwa? Haramun ma ne. Littafi ɗan ƙarami na 'yan firamare za ta saya da biro, shi ne solarta.

Malamar makaranta: Ni dai in kina son abin ya ɗore ki yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daga baya ki nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ki koma gora, shaguna su karɓa.

Maman 'yan biyu: Malama, kuɗin suga ba ta da shi!

Wata mai kai kaya Illela: Ku dai kuna magana. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar a 2023, kayana suka zauna, masu saye daga Ƙonni ba hanya. Littafi gare ni har biyu, mi sunka hana? Arziki na Allah ne.

Mai tambaya: Na gode duka. Amma Hajiya ni ba almubazzaranci na yi ba. Yarona ya kwanta asibiti kwana shida a watan Agusta, in bar shi don littafi? Ankon kuma na ƙanwar maigida ne, in ban yi ba ku kun san abin da za a ce. Kunun gyaɗa akwai masu yi uku a layinmu, ɗaya ma maƙwabciyata ce, ba na son rigima.

Hajiya mai atamfa: Asibiti na ji, Allah ya ƙara mai lafiya. Zoɓon da yaran facalarki ke sha fa, shi ma asibiti ne?

Mai tambaya: Yara ne Hajiya, ba na iya korar su. Wai don Allah, wadda ta san farashin firiza ta hannu a Tsohuwar Kasuwa yanzu ta faɗa min, in ji dai kawai.