"Shawara ɗaukar ɗaki": ta dace da 'yan majalisa kuwa?

Autan Inna: Salamu alaikum 'yan uwa. Duk sanda aka yi ƙorafin 'yan majalisa sun daɗe suna jan ƙafa kan ƙudiri ɗaya sai ka ji wani ya ce ai "shawara ɗaukar ɗaki". Ni dai wlh ban gamsu ba, a ganina "taron tsintsiya ba shara" ta fi dacewa da su. Ku duba dokar man fetur ta Najeriya, PIB, tun 2008 aka fara kai ta majalisa amma sai Agustan 2021 Buhari ya sa mata hannu, shekara 13 fa, wace irin shawara ce wannan?

Malam Dattijo: Wa alaikumus salam ɗana. Ka fara gane ɗaukar ɗakin tukuna. A ƙasa ake haɗa jinka a ɗaure ta tsaf, sannan a tara maza su kewaye ta, kowa ya kama gefensa a ɗaga lokaci guda a ɗora kan gini, in ɓangare ɗaya ya riga sauran sai ta karkace ko ta danne wani. To abin da magabata ke nufi, hukuncin da zai hau kan kowa ba mutum ɗaya ke yanke shi ba, komai wayonsa. Ba su ce a kewaye jinka a yi ta surutu har damina ta sauka ba.

Autan Inna: Yauwa Baba, kenan dai ka goyi bayana.

Malam Dattijo: Rabi da rabi. Jinkiri daban, shawara daban.

Yaya Babba: Auta ka yi haƙuri amma ba duk jinkiri ne lalaci ba. A Birtaniya ranar 15 ga Janairun 2019 majalisa ta yi watsi da yarjejeniyar ficewa daga Tarayyar Turai da Firaminista Theresa May ta kawo, 432 suka ƙi 202 suka yarda, kuma har sau uku suna mayar mata da ita, har da 'yan jam'iyyarta a cikin masu ƙin. Mutane da yawa sun gaji da su a lokacin, amma ai aikin da aka zaɓe su su yi kenan, su ce a'a in ba su gamsu ba. Majalisar da duk abin da shugaba ya aiko sai ta ce amin, ita ce ta fi ba ni tsoro gaskiya.

Mai Nazari: Yaya maganarki haka take, sai dai akwai masu fakewa da sunan muhawara su hana ruwa gudu. A majalisar dattawan Amurka sanatoci 100 ne amma yawancin ƙudirori sai an samu 60 kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a. A 1957 Sanata Strom Thurmond ya miƙe ya yi ta magana awa 24 da minti 18 don kawai ya hana dokar kare 'yancin baƙar fata wucewa, kuma duk da haka ta wuce. Wannan kam ba za a kira shi shawara ba, bai zo don a ji ta kowa ba.

Hajiya Uwargida: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, duk kuna maganar 'yan majalisa su shawarci junansu, to talakan da dokar za ta hau kansa fa? Kenya a 2024 majalisa ta amince da ƙudirin ƙarin haraji ranar 25 ga Yuni alhali matasa na kan titi suna cewa ba sa so, ranar aka kutsa ginin majalisar, aka rasa rayuka, washegari shugaban ƙasar, William Ruto, ya ce ba zai sa hannu ba. Ai sun yi muhawara, sun kaɗa ƙuri'a, komai bisa ƙa'ida, amma ba su saurari waɗanda suka turo su ba.

Autan Inna: To Hajiya a irin wannan wace karin maganar za a ce, ta ɗaki ko ta tsintsiya?

Hajiya Uwargida: Ta ɗaki mana, ita ce ke tuhumar su ai. Ni so nake duk ɗan majalisar da ya kawo ta a bakinsa a tambaye shi, sau nawa ya zauna da mutanen mazaɓarsa kan ƙudirin kafin ya ɗaga hannu.