Gwajin SCC na Yayana ya sauka amma kumburin yana nan, me hakan ke nufi?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana mai shekara 47 ya kusa shekara guda yana shan maganin basir, daga tsimi zuwa garin sassaƙe, jini bai daina zuba ba. Sai da kaluluwa ta fito masa a matsematsi muka je asibiti, aka yanki tsoka aka auna, aka ce sankarar dubura ce. An yi masa gashi (wato ƙona ƙarin da hasken inji) da kemo na kusan mako shida, yau mako biyar da gamawa. Kafin a fara, wani gwajin jini mai suna SCC ya nuna 4.8, jiya ya nuna 2.1. Akwai kuma wani gwajin jinin mai suna CEA, shi tun farko lafiya lau yake. Abin da ya hana ni barci shi ne likita ya sa yatsa ya ce har yanzu yana jin tauri a wurin. To wanne zan kama, takarda ko yatsa? Ko Hajiya ban faɗa wa ba, don hawan jininta.

Malam Sabo, mai aikin ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. CEA ɗin ki ajiye shi gefe. An fi amfani da shi a sankarar babban hanji, wadda irin tsokarta daban ce. Ta dubura galibi daga ƙwayoyin fatar bakin wurin take tasowa, shi ya sa aka nemi SCC, sinadarin da irin waɗannan ƙwayoyin ke fitarwa cikin jini. A yawancin ɗakunan gwaji iyakarsa tana tsakanin 1.5 da 2, ki duba gefen takardar za ki ga tasu. Sai dai gwajin yana da rigima: ciwon fata mai saɓa yana ɗaga shi, ciwon ƙoda ma haka, har yawu ko ɓurɓushin fata in suka shiga kwalbar. Mutumin da aka gama gasa masa fata kwanan nan kuwa, ban yi mamakin 2.1 ba. Ku riƙa yi a wuri ɗaya, don injina ba su cika yin daidai da juna ba.

Dakta A.:
Ƙanwata, ki kwantar da hankali kan taurin nan tukuna. Wannan cutar tana da wata ɗabi'a, tana ci gaba da motsewa watanni bayan an kashe injin gashi. A Birtaniya an yi wani babban bincike, ACT II, a kan mutum 940, aka ga cewa da yawa cikin waɗanda ake jin saura a jikinsu a mako na 11 sun wanke tas zuwa mako na 26, a ƙirga daga ranar da aka fara magani. Ki ƙirga na Yayanki, yanzu ne yake wajen mako na 11. Shi ya sa ba ma gaggawar tiyatar da za ta bar mutum da jakar bayan gida a ciki, sai in abin yana ƙaruwa.

Batun SCC, wasu bincike sun nuna waɗanda suka zo da shi sama sun fi zuwa da babban ƙari ko kaluluwa, amma akwai masu cutar da nasu bai taɓa hawa ba. Ni a wurina ɗan rakiya ne. Abin da muka fi dubawa: ƙarin ya wuce santimita 5? Ya shiga kaluluwa? Tsokar ta nuna p16, wato alamar HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin irin wannan sankarar? Mai wannan alamar gashin ya fi yi masa aiki. Sannan yawan jininsa, don mai ƙarancin jini sakamakonsa kan fi rauni. Yanzu ana gwada auna ɓurɓushin ƙwayar HPV a cikin jini bayan magani, a Faransa da wasu ƙasashe, kuma da alama ya fi SCC hango dawowar cutar, amma bai zama gwajin yau da kullum ba. Tambaya ɗaya, kada ki ji nauyi: an yi masa gwajin HIV? Duk mai wannan cutar muna yi masa.

Inna Ladi:
'Yar nan, na maigidana sai a wata na biyar likita ya ce bai ji komai ba. Kullum da takardar gwaji a jakata har ta yage a ninki. Ki kula da abincinsa, kuma ki hana 'yan dubiya kawo masa tsimi. In yana shan taba ya bari yau.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Dakta, an yi HIV ba shi da shi. Ƙarin santimita 4 aka rubuta, p16 kuma ban gani a takardar ba, zan tambaya ranar Talata. Jininsa ne dai ya yi ƙasa, 9.6. Inna, tabar ce rigimarmu, jiya ma na tsinci kwali a aljihun rigarsa.